Rake Ɗaya, Tukunya Biyu: Daga Baron Ƙauyen Alu Zuwa Gangunan Karebiyan

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, rake ya cika Tarauni. Motoci ne ke shigowa da shi dami-dami ta titin Zariya, daga fadamun Kura da maƙwabtanta, wani ma tun daga Maƙarfi ta jihar Kaduna, a sauke, masu baro su ɗiba su bazu cikin unguwanni. Daga Ƙauyen Alu zuwa Unguwa Uku, daga kasuwar Tarauni zuwa lungunan Gyadi-Gyadi, da wuya ka yi tafiya mai nisa ba ka ga mai rake tsaye da wuƙarsa yana fera ba, tuƙa kuma ta yi fari a bakin kwata.

Wanda ya san rake ba ya miƙa kuɗi haka kawai. Sai ya ɗaga sandar ya ji nauyinta, don wadda ta daɗe da sara ta sha iska, ruwanta ya ragu. Sai ya dubi tsawon gaɓa, ya dubi bakin yanka ko akwai ja a ciki, domin jan ciki alamar cuta ce ko tsami. Ya san gindi ya fi kai zaƙi, shi ya sa ake ciniki a kan wajen da za a yanka wa mutum. In ya kai baki, nan take zai faɗa maka: wannan salam yake, ruwa ya yi masa yawa, wannan da zartsi, wannan ya yi tauri, na matsa ne, ba na sha ba, wannan kuwa ya nuna, ga taushi ga gardi. "Malam, ɗanɗana ka ji," in ji mai baro, kuma da gaske yake, domin ya san harshen mai saye ne zai yanke hukunci.

Wannan ilimi ne, ko da yake ba a rubuta shi a ko'ina ba. A wani ɓangaren duniya, ilimi irin wannan a kan wannan tsiro ɗaya ya zama sana'ar da ake biyan mutane kuɗi su yi, ana wallafa littattafai a kai, ana shirya gasa, ana kafa doka. Sai dai abin da suke ɗanɗanawa can barasa ce, wadda ake yi da ruwan rake ko maɗinsa, ake kira rum.

Hukuncinta a wurinmu a fili yake. Musulunci ya haramta duk abin da ke sa maye, kaɗan ɗinsa da mai yawansa. Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, an kafa hukumar Hisbah da doka a 2003, kuma kowa ya sha ganin yadda take farfasa kwalabe. Ko a wajen addini, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa na jawo mutuwar mutum kusan miliyan 2.6 a shekara. Ba na sha, ba na kuma kiran kowa gare ta. Na ɗauko zancenta ne saboda abu biyu. Tarihinta ya ratsa ta kan kakanninmu, har da guminsu da jininsu. Sannan yadda masu ita suka ɗaukaka abin da asalinsa shara ce ya isa ya sa mu sake duban mazarƙwailar da muke wulaƙantawa, alhali halal ce, tamu ce.

Abin da ke cikin ganga

Idan aka dafa ruwan rake aka fitar da ƙwayar sukari, akwai baƙin maɗi mai kauri da ke saura, wanda ya ƙi daskarewa. A gonakin tsibirin Barbados, a tsakiyar ƙarni na 17, wannan maɗi ya zame wa masu gona kaya, har aka lura cewa in an sirka shi da ruwa aka bar shi, yana tsimuwa. Daga nan sai a zuba a tukunyar jan ƙarfe a hura wuta. Sinadarin maye yana tashi tururi a zafin digiri 78, kafin ruwa ya tafasa, don haka shi ke fara fita. A bi da tururin ta bututu mai sanyi, ya koma ruwa fari tas, mai ƙarfin gaske. Kamfanin Mount Gay na Barbados yana riƙe da takardar da ta nuna ana wannan aiki a wurinsa tun 1703.

Ƙarfin shi ne abin da masu harkar suka fi yawan zance a kai. Wadda ake sayarwa gama-gari ana sirka ta da ruwa har sinadarin ya sauko kashi 40 cikin ɗari. Mai ƙarfi kuwa tana kai kashi 55 zuwa 65, wani lokaci fiye. Tsohon ma'aunin Ingila ya tsaya ne a kan kashi 57 da ɗoriya, kuma ana danganta shi da gwajin albarushi: a jiƙa albarushi da barasar a kusanto da wuta, in ya kama to ba a yi mata algus da ruwa ba. Sojojin ruwan Ingila sun fara sabawa da ita bayan sun ƙwace Jamaika a 1655. A 1740 wani kwamandansu, Edward Vernon, ya ba da umarnin a riƙa sirka rabon kowane soja da ruwa saboda ɓarnar da maye ke yi a jiragen yaƙi, amma ba a daina rabon gaba ɗaya ba sai ranar 31 ga Yuli, 1970. Shekara 230 ke nan tsakanin gane illa da dainawa.

Launi da ƙamshi daga ganga suke zuwa. Yawanci gangunan katako ne da aka babbake cikinsu, waɗanda aka riga aka yi amfani da su a Amurka. Da rana katako ya buɗe ya sha, da dare ya tsuke ya mayar, shekara da shekaru, har farin ruwa ya koma ja ko ruwan ƙasa. A ƙasa mai zafi wannan aiki yana sauri, amma da asara: ganga a Jamaika ko Guyana kan yi hasarar kusan kashi 7 cikin ɗari a shekara ta hanyar tururi, alhali a Sikotland kusan kashi 2 ne. In ka lissafa, bayan shekara 10 fiye da rabin gangar Jamaika ya bi iska. Daga nan tsadar tsohuwa ta samo asali.

Masu ɗanɗanawa suna da tsari. Sukan jera kofuna masu tsukakken baki, sau da yawa a rufe sunan kwalba don kada suna ya ruɗi harshe. A fara da hanci. A ɗiga ruwa kaɗan, don ƙarfi irin wannan yana kashe harshe ya rufe ƙamshi. Ƙwararru a wajen gasa ma tofarwa suke yi. Sai kowa ya rubuta abin da ya ji. Ta Jamaika, wadda ake barin tsiminta ya daɗe, ana siffanta ta da ƙamshin ayabar da ta nuna ta wuce da na abarba. Ta Guyana, inda har yau ake aiki da wata tukunyar katako ta gonar Port Mourant da aka ce ta samo asali tun 1732, ana cewa tana da nauyi da hayaƙi-hayaƙi. Ta Martinik, da ake yi da ɗanyen ruwan rake maimakon maɗi, ƙamshin ɗanyar ciyawa gare ta. Kamfanin Caroni na Tirinidad ya rufe a farkon shekarun 2000, sai ragowar gangunansa suka zama abin farauta, farashi ya yi ta hawa, don kowa ya san ba za a ƙara yin irinta ba.

Sun kuma yi rigima a kan ha'inci, kuma rigimar ta haifi doka. An gano wasu na zuba sukari don harshe ya ji laushi, wasu na zuba launi don sabuwa ta yi kama da tsohuwa, wasu na rubuta shekaru masu yawa a kwalba alhali ɗigo kaɗan ne a ciki ya kai wannan shekarun. Faransa ta ba wa ta Martinik kariyar sunan asali a 1996, da sharuɗɗan irin rake da yankin noma da lokacin sara. Jamaika ta yi wa tata rajista a 2016. Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa abin da aka ƙara wa zaƙi fiye da giram 20 a lita ba zai amsa sunan rum ba. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi jan hankalina: wuri, da shekara, da sunan mai yi, da abin da aka hana zubawa, duk a rubuce.

Waɗanda suka sari raken

A 2011, a wani tsohon gidan masu sarauta da ake kira Harewood a arewacin Ingila, an tarar da kwalabe a ɗakin ƙasa, ƙura ta rufe su. Littafin ajiyar gidan ya nuna tun 1780 suke, daga Barbados. An yi gwanjonsu a Landan da tsada. Iyalin gidan, zuriyar Lascelles, da gonakin rake da bayi suka tara dukiyarsu. Duk wanda ya sari raken da ya shiga waɗannan kwalabe bawa ne, ɗan Afirka ko jikansa, kuma ba sunan ko ɗaya daga cikinsu a jikin kwalbar.

Rake ba ɗan can ba ne. Asalinsa tsibirin Niyu Gini, a Indiya aka gano yadda ake daskarar da ruwansa, Musulmi suka yaɗa nomansa daga Farisa zuwa Masar da Maroko da Andalus, Kolombos kuma ya tsallaka da shi teku a 1493. Shuka ce mai cin mutane: sara da hannu cikin zafi, ɗauka, matsa cikin gaggawa kafin ya yi tsami, tsayuwa gaban tukwane dare da rana. Don wannan aiki aka kwashi miliyoyin 'yan Afirka. Barazil kaɗai ta karɓi fiye da miliyan 4, kuma ita ce ta ƙarshe a nahiyar da ta soke bauta, a 1888. Abin da ya fi ciwo shi ne barasar da bayi suka yi ita ake lodawa a jirgi a kawo gaɓar Afirka a sayi wasu bayin da ita. Jiragen Rod Ailan ta Amurka da rum suke zuwa. Na Bahiya ta Barazil kuwa, da barasar rake da ganyen taba da aka shafe da maɗi suke sauka Wida da Ikko.

Nan ne labarin ya shigo gidanmu. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa mutane da yawa na ƙasar Hausa hannun masu fataucin bayi, aka gangara da su kudu, aka tsallaka da su Bahiya, cibiyar rake ta Barazil. Ba su kwanta ba. A 1807 hukumomin birnin Salbado na Bahiya suka bankaɗo shirin tawayen Hausawa. A 1809 suka tashi a yankin gonaki, a 1814 suka sake tashi. A watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, aka yi babban boren Musulmi, wanda Yarabawa suka fi yawa a ciki, da Hausawa tare da su; a jikin waɗanda aka kashe an sami layu da rubutun Larabci. Masanin tarihi ɗan Barazil João José Reis ya yi shekaru yana tono takardun shari'ar waɗannan mutane. Mutum ya tsaya ya yi tunani: almajirin da ya yi karatun allo a Katsina ko Gobir ko Zazzau, an ɗaure shi a gonar da ake yin abin da addininsa ya haramta, da ƙarfinsa ake yi, kuma da abin za a sayo ɗan'uwansa.

Wasu sun dawo, kuma ba hannu sake ba. A 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar nan da Abdulkarim, ya bi ta kwarin Bamurna tsakanin Wurno da Sakkwato. Can ya ga gonar rake da ake fitar da sukari daga gare ta, kuma ya rubuta cewa aikin wani Bafulatani ne da ya yi shekara 25 yana bauta a Barazil. Mai yiwuwa wannan bawan Allah ya ga tukwane biyun duka a can, ta sukari da ta barasa. Da ya dawo gida, ta sukari ya kafa.

Bayan kamar shekara 60 aka sake kwatawa ta wata hanya. Wajen 1914, a ƙauyen Gimi da ke ƙasar Maƙarfi, 'yan mishan na Zariya suka kafa wani ƙaramin zango, kuma wani limamin coci baƙar fata ɗan Karebiyan, W. A. Thompson, ya shigo da injin matsar rake da dabarar dafa shi ya daskare. Ciwon barci ya watsa zangon cikin 'yan shekaru, amma sana'ar ta zauna, manoman yankin suka karɓe ta. Bahaushe ya san maɗi da alewa da takanɗa tun da daɗewa. Abin da injin ƙarfe ya kawo shi ne yawa. Har yau in ka ce Maƙarfi, rake ne ke fara zuwa zuciyar mutum.

Tukunyarmu

Wanda ya taɓa zuwa wajen da ake yin mazarƙwaila a lokacin sanyi ba ya manta ƙamshin. A da doki ne ke zagayawa da doguwar sanda yana juya injin. Yanzu wurare da yawa injin mai ne. Ana tura rake, ruwa na zuba, a tace a juye a babban kasko. Ɓawon da aka matse shi ake shanyawa ya zama makamashi, ba a sayen itace. Ruwa na tafasa kumfa mai datti na tasowa, mai dafawa na kwashewa. A hankali ruwan ya yi kauri, kumfarsa ta canza, ƙararsa ta canza. Mai ma'aunin zafi zai ce maka ana saukewa wajen digiri 118 zuwa 120. Mai sana'a da ido da hanci yake ganewa, ko ya ɗiga kaɗan a ruwan sanyi ya murza da yatsa. Sai a sauke, a juya ya sha iska, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Kilo 100 na rake ba ya ba da abin da ya wuce kilo 10 zuwa 12.

Tsakanin saukewa da wuri da makara, 'yan mintoci ne, kuma a cikinsu ɗanɗano yake. Ka sayi dunƙule uku daga hannu uku a kasuwar Tarauni ko kasuwar Kurmi, ka jera a faranti, za ka ga ba ɗaya ba ne. Wata ta yi haske, ruwan zuma, in ka karya ta sai ta ɓalle garas, cikinta da tsaki-tsakin sukari, tana narkewa a baki ba ta barin komai sai zaƙi mai tsabta. Wata ta yi duhu, tana da danƙo, zaƙinta na da zurfi, da ɗan ɗaci a ƙarshe wanda ke wa kunun tsamiya kyau. Wata kuwa ƙauri ya kama ta, an bar ta a wuta ta wuce. Akwai mai gishiri-gishiri, wadda ƙasar fadamarta ce ta ba ta haka. Akwai mai ɗan tsami da maƙaƙi, wadda raken ya kwana biyu ko uku a yashe bayan sara, ko ruwan ya jima kafin a ɗora; rake na fara lalacewa daga ranar da aka sare shi, kuma sukarin da ya juye ba ya daskarewa da kyau. Akwai kuma aibin da ba shi da uzuri, wato yashi a ƙarƙashin haƙori, alamar ba a tace ba.

Matan da ke yin kayan gara sun fi kowa sanin wannan. Mai yin nakiya ta san wadda za ta riƙe mata, mai dama kunu ta san wadda za ta ba shi launi, mai haɗa tsimi ta san wadda take nema. "Hajiya, wannan sabuwar dafawa ce," mai tebur zai ce, ita kuwa sai ta karya gefe ta shinshina kafin ta amsa. Tambayi ko wace ce daga cikinsu daga wane gari dunƙulen ya fito, wane irin rake ne, fari ko baƙi, wa ya dafa, a wane wata. Ba za ta iya faɗa maka ba, kuma ba laifinta ba ne. Babu abin da ke jikin dunƙulen da zai gaya mata. In ta dace da mai kyau yau, ba ta da hanyar sake samun irinta gobe. Shi kuma wanda ya ɓata lokaci ya tace ruwansa sau biyu, ya matse rakensa ranar da aka sare shi, kuɗi ɗaya za a ba shi da wanda ya yi ha'inci. To don me zai wahalar da kansa baɗi?

Ta fuskar tsufa, hanyar barasa da ta mazarƙwaila sun rabu. Da tsohuwar zuma ake magani, amma mazarƙwaila ba ta cikin masu gyaruwa da daɗewa. Tana jan laima daga iska. Da damina ta sauka sai ta fara tsatsafo, ta yi laushi, ta yi duhu, wani lokaci ta yi fumfuna. Darajarta a sabunta take, don haka watan da aka dafa ta shi ne abin da ya fi cancanta a sani. A wajen masu ganga, shekaru masu yawa ake nema. A wajenmu, watanni kaɗan.

Kada kuma a ɗauke ta magani. Ana yawan cewa ta fi farin sukari lafiya, kuma gaskiya ne tana riƙe da ɗan sinadarin ƙarfe da wasu ma'adanai da tacewa ke cirewa. Amma mafi yawanta sukari ne, mai ciwon sukari ya kiyaye ta yadda yake kiyaye farin. Abin da take da shi wanda farin ba shi da shi, ɗanɗano ne. Farin sukari na Legas da na Landan duk ɗaya ne a harshe, an tace shi har ba a gane inda ya fito. Mazarƙwaila kuwa tana ɗauke da fadamarta.

Abin da wasu suka yi da tasu

Ba mu kaɗai ke da ita ba. Indiya ce kan gaba a duniya, Kolombiya na biye, Barazil ma na da tata. A Indiya, ta yankin Kolhapur tana da rajistar sunan asali, ba wanda zai dafa a wani wuri ya laƙaba mata sunan. Indiyawan sun kuma ɗanɗana kuɗarsu da masu zuba sinadarin da ke sa ta haske don ta ja ido, har masu saye da yawa suka koma neman mai duhu. Wannan darasi ne gare mu tun kafin abin ya yi nisa: haske kaɗai ba shaidar kyau ba ne. A Okinawa ta Japan, tsibirai takwas ne ke yin baƙin sukarinsu, kuma ana sayar da na kowane tsibiri da sunansa, har a haɗa takwas ɗin a akwati ɗaya don mai saye ya jera ya kwatanta. Zaman ɗanɗano ne sosai, da yara da manya, ba abin da ke sa maye a ciki.

Mu kuwa hankalinmu ya tafi ga farin sukari. An buɗe masana'antar Bacita a shekarun 1960, aka yi ta Savannah a Numan wadda Dangote ya saya a farkon shekarun 2000, aka kafa hukumar bunƙasa sukari ta ƙasa a 1993, aka fito da babban shirin sukari a 2012, aka ƙaddamar da ta Sunti a jihar Neja a 2018. Duk da haka, fiye da kashi 90 cikin ɗari na sukarin da Najeriya ke sha daga ɗanyen sukarin waje ake tace shi, mafi yawansa daga Barazil, ƙasar da kakanninmu suka yi wa noman rake a ɗaure. Ina goyon bayan a yi manyan masana'antu, ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ba za ta rayu da kasko ba. Amma babbar masana'anta na buƙatar dubban kadada da biliyoyin naira da shekaru. Mai kasko yana nan yanzu, da gonarsa, da injinsa, da iyawarsa, kuma ba a cika jin sunansa a waɗannan tsare-tsare ba.

Misali mafi kusa yana tsallaken iyaka. Jamhuriyar Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajistar sunan asali a ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta Afirka da ke Yawunde, kamar yadda Kamaru ta yi wa barkonon Penja da farar zumar Oku a 2013. Hausawa ne 'yan'uwanmu ke yin wannan kilishi, suke noma wannan albasa. Kafin a ba su takarda, sai da masu sana'ar suka haɗu suka amince da ƙa'idar aiki a rubuce: daga ina, da me, ta yaya, me aka hana.

Wannan mataki na farko ba ya jiran majalisa. Masu dafawa na gari ɗaya za su iya yarda a kan abubuwa kaɗan: a matse rake cikin kwana ɗaya da sara, a tace ruwa da ƙyalle mai tsabta, kada a zuba farin sukari ko gari ko sinadarin haske, a naɗe kowane dunƙule a abin da laima ba ta ratsawa, a manna 'yar takarda mai sunan gari da sunan mai yi da wata. Dillalan Kano su ne za su iya tilasta wannan, don su ke da kasuwa: in mai tebur a Tarauni ya fara ware ta wane gari daban, ya ɗora mata 'yar riba, labari zai koma ƙauye kafin mako ya zagayo. Jami'ar Bayero na da cibiyar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, Samaru ta Zariya na da cibiyar binciken aikin gona da ta girmi Najeriya mai 'yanci. Auna laima da yashi da sukarin samfura daga garuruwa goma aikin ɗalibi ɗaya ne na shekarar ƙarshe.

Sai kuma zaman kwatantawa, wanda shi na fi ɗokin gani. A tara ta Maƙarfi da ta Kudan da ta fadamun Kano da ta Sakkwato, a rufe sunaye, a sa lamba. Alƙalai su zama masu nakiya da masu kunu da masu shayi da tsofaffin masu dafawa, a ajiye musu ruwan ɗumi na kurkure baki tsakanin wannan da wancan. Kowace a gwada ta sau biyu, a bushe da kuma narke a kunu, domin wadda ta yi fice a faranti ba lalle ta yi fice a kofi ba. A sami mai rubutu ya kama kalmomin da suka fito daga bakinsu yadda suka faɗe su, da garin da kowace lamba ta fito. Lokacin da ya dace a yi shi tsakanin Disamba ne da Fabrairu, sa'ad da kasake ke kan wuta, iska a bushe, kuma kowane gari na da sabuwar dafawa da zai kawo.